Shekarar da Babanku Ya Daina Yarda da Jiya

Wannan babin saboda ke na rubuta shi, Sadiya, ke da ƙanenki Nura. Kwanan baya a wani gidan suna na ji wata mata, irin waɗanda magana ba ta kwana a cikinsu, tana raɗa wa ta kusa da ita wai gidanmu akwai taɓi a jini, wai ai uban yaran nan saura kaɗan a kai shi mari. Ta ɗauka tsufa ya cinye mini kunne. Kunnena ƙalau yake, gwiwa ce kawai ta gaza. Ban tanka mata ba saboda gidan mutane ne kuma ranar farin ciki ce, amma na dawo gida raina a jagule, ko tuwo ban iya ci ba. Na ce tun da sauran numfashi gara in faɗa muku yadda aka yi, kada wata rana ku ji shi a bakin wanda bai san komai ba ku sunkuyar da kai. Babanku bai taɓa hauka ba. Ni na haife shi, kuma ina wurin aka yi komai.

Kun san shi ne ɗan farina, shi ya sa ba ku taɓa jin sunansa a bakina ba, kuma ba za ku gan shi a rubutun nan ba. Ku 'yan zamani kuna yi mini dariya a kan wannan, ke Sadiya har tarko kike ɗana mini ko zan yi suɓul da baka, to kin yi kaɗan. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta zama tabarma ɗaya da ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta jan shi da hira. Ko ciwo yake yi, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta tambayi wani yaya jikin yaron nan. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare a nan Birnin Gwari, na share majinar 'ya'yan mutane, na rarrashe su, wasu har goya su na yi zuwa gida, amma nawa ban taɓa dafa kansa a gaban jama'a ba. Ba rashin so ba ne. Haka muka gada, kuma shi ma da haka ya san ni.

Shekarar da mutanen daji suka tare motarsu a hanyar Kaduna, ke kina 'yar firamare, Nura kuma bai daɗe da fara tatata ba. Babanku malamin gona ne a lokacin, ya tafi karɓo iri. An shiga da shi dajin nan ba a yi shuka ba, bai fito ba sai da dawa ta fid da kai. Abin da muka sha kafin a sako shi ba nan ne wurin faɗarsa ba, kuma ba na son tuna shi. Ya dawo mana a rame, ƙafafunsa a kumbure, da zanen igiya a idon sawunsa wanda har yau in kun lura za ku gani. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa barka da arziki, shi kuwa yana zaune ya zuba wa tabarma ido. In an gaishe shi ya amsa, in an ba shi abinci ya ci, bayan wannan shiru. Daga baya ne ya gaya wa mamanku Bilkisu cewa a can babu Juma'a babu Asabar, gari ya waye ya duhunta kawai, har mutum ya daina sanin ko abu jiya ya faru ko wancan watan.

Mamanku ce ta tono gem ɗin. Tana neman wani tsohon bargo a akwatin ƙarfen marigayi kakanku sai ta ci karo da shi a naɗe cikin hula. Kun san shi, ɗan abin nan ruwan toka da bai fi tafin hannu biyu ba, mai gilashi a gaba, da ake zura masa kaset ta baya. Kakanku ya sayo wa babanku shi a gwanjo tun yana yaro, na yi ta faɗa a lokacin cewa zai hana shi karatu. Kaset ɗaya ne ya rage. A cikinsa wani ɗan mutum ne yake fita daga bukkarsa, ya bi gari gari, ya ratsa kurmi, ya nemi mabuɗai, tafiya ce doguwa da ba ta ƙarewa a zama ɗaya. In mai wasa ya gaji sai ya danna wani wuri, abin ya adana masa inda ya tsaya, gobe in ya kunna ya tarar da ɗan mutumin a nan ya ci gaba. Bilkisu ta sa masa batir biyu ta ajiye kusa da babanku. Ranar nan muka ji ƙarar abin daga gindin mangwaro, ƙiriri ƙiriri, kuma wallahi ban taɓa jin kiɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Sai ya zama kullum bayan azahar zai shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron nan, ya yi ta danne-danne har a kira magariba, ya kashe ya tura ƙarƙashin filo. Mun ji daɗi, don aƙalla hannunsa ya sami abin yi. Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba, wato Alhaji Babba, wan kakanku, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar ƙaninsa. Yakan leƙo ya girgiza kai ya ce magidanci da gemu yana wasan yara, wannan ba alamar lafiya ba ce. Kada ku ɗauke shi mugu. Duk zirga-zirgar da aka yi wajen karɓo babanku shi ya yi ta, da tsufansa da ciwon ƙugunsa. Mutum ne dai da in ya ga abu ya karkace, hanya ɗaya ya sani ta miƙar da shi, ita ce ƙarfi.

Ba a jima ba abu ya fara sauyawa. Babanku ya fara tambayar mamanku da safe ko jiya ya taɓa gem ɗin nan. Ta ce ƙwarai, ai wuni ya yi a kansa. Ya ce to ya aka yi ɗan mutumin yake cikin bukka kamar bai taɓa fita ba, alhali shi ya tuna ya kai shi gari na uku, ya kuma adana. Ita da ke fama da girki da raino ba ta taɓa leƙa gilashin ba, sai ta ce ƙila batir ne. Ta cire su ta shanya a kan rufin kwano tare da kuɓewa yadda muke yi wa na rediyo, ta mayar. Washegari ɗan mutum na bukka. Ta sayo sababbi fil, ta sa. Washegari ɗan mutum na bukka. Daga nan kowa ya cire batun batir a ransa, don a saninmu abin da batirinsa ya mutu shiru yake yi. Tocila ta dushe, rediyo ya shaƙe, agogo ya tsaya. Wannan kuwa haske tangararan, ƙara raɗau. Kuma babanku ya tuna sarai cewa yana yaro yakan bar abin nan zango guda yana makarantar kwana, ya dawo ya tarar da shi inda ya bar shi, bai taɓa mantuwa ba ko sau ɗaya. To in abin bai taɓa mantuwa ba, kuma batir sabo ne, saura wa? Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ne ya lalace, cewa abin da yake tunawa ya yi jiya bai yi shi ba, mafarki ne ko ƙirƙira.

Daga nan abin ya bazu kamar ruwa a tabarma. Zai yi la'asar, ya sallame, ya zauna jim, ya tashi ya sake, don bai tabbata ya yi ba. Zai ci abinci ya tambaya ko ya ci. In aka ce masa wane ya zo gaishe ka jiya, sai ya tuna ɗin, amma bai yarda da tunawar ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina ɗaukar Nura. Yaron zai taho da gudu ya riƙe ƙafarsa, shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama kamar an tsare shi. Ina kallo daga ƙofar ɗakina, amma ban san dalili ba, sai ranar da Bilkisu ta shigo ɗakina ta durƙusa tana kuka.

"Inna, ya ce tsoro yake ji ya ɗauki yaron ya ajiye shi wani wuri ya manta. Ya ce kansa ba ya riƙe jiya. Ya ce in sa ido a kansa kamar yadda nake sa wa Nura."

Magana ba ta ɓuya a gidan yawa. Ta kai kunnen Alhaji Babba, ya zo ya zauna a zaure ya aika a kira ni. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Ya ce ya gama shawara, abin da ya taɓa yaron nan a daji ya biyo shi gida, kuma akwai wani gida a wani ƙauye da ake kai irinsu, ya riga ya yi magana. Na san gidan, kowa ya san shi. Ana yi musu rubutu da turare, amma kafin komai sai an sa musu mari a ƙafa don kada su gudu. Na ce Yaya, mutumin da har yanzu sawun igiya bai bar ƙafarsa ba? Ya ce magani ba ya daɗi, kuma ba shawarata ya zo nema ba, sanar da ni ya zo yi. Ya ce jibi kasuwa, a bar kasuwa ta ci, washegarinta da safe zai zo da mota.

Washegari bayan azahar na idar da salla na daɗe zaune a kan dardumata. Ina jin ƙarar abin daga gindin mangwaro. Sai wani tunani ya zo mini, irin na malamar aji: duk gidan nan ana ta maganar abin da ɗan mutumin ya yi da abin da bai yi ba, amma ba wanda ya taɓa gani da idonsa sai mai wasan, kuma shi ne wanda bai yarda da idonsa ba. Bilkisu ba ta da sukuni, ku yara ne, ni kuma kunya ta tsare ni a ƙofar ɗaki. Na ɗauki tabarau na sa, na fita, na nufi tabarmar nan. Tsakanin ɗakina da mangwaron bai fi taku kaɗan ba, amma ban taɓa tafiya mai nauyinta ba. Na zauna daf da shi, kafaɗata na gogar tasa. Ya zabura zai tashi ya ba ni wuri, na ce ya zauna, kallo na zo yi. Bilkisu ta fito da turmi ta gan mu, ta yi tsaye baki buɗe, sannan ta koma da baya.

Haka na wuni ina kallon wani ɗan mutum da bai kai ƙwayar wake ba yana yawo. Na sa ido kamar mai duba jarrabawa. Na ga ya fita daga bukka, na ga ya yi magana da wata tsohuwa a bakin rijiya, na ga ya ratsa kurmi, ya faɗa rami sau biyu har na ce kai wannan ko makaho, babanku ya ɗan murmusa. Daf da magariba ya kai shi bakin wata gada mai fitila. Na ce ya nuna mini yadda ake adanawa, ya danna, rubutu ya fito, na karanta da kaina cewa an adana. Ya kashe. Na miƙa hannu na ce a ɗakina abin zai kwana.

Da hantsi na kira shi, na miƙa masa, na ce ya kunna a gabana. Ya kunna. Ga ɗan mutum nan a cikin bukka, babu gada, babu fitila, kamar an share allo. Ya saki wani numfashi ya ce kin gani ko Inna, ashe jiyan ma ban yi ba. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Ka yi. Ina zaune ka kai shi gada, da idona na gani, na karanta rubutun. In kanka ne ya lalace, to nawa ma ya lalace, sai Alhaji ya zo da mari biyu. Abin nan ne yake yi maka ƙarya."

Ya ɗago ya kalle ni, ina jin tun yana jariri ba mu haɗa ido haka ba. Ban jira ya ce komai ba, na ƙulle gem ɗin a bakin mayafina na kama hanyar kasuwa. Wajen Luka na nufa, abokin babanku na ƙuruciya, ɗan gidan Bagwarin nan maƙwabcinmu na da, wanda yake da rumfar gyaran waya kusa da masu agogo. Ni na koya masa karatu, kuma tare suka yi ta rububin gem ɗin nan suna yara. Rumfar cike take da 'yan ƙauye masu jiran caji da gyara, amma yana ganina ya miƙe ya ba ni bencinsa. Na kwance mayafi na ajiye masa, na gaya masa komai ban rage ba, har batun motar gobe. Ya share fuskarsa da hannu. Na tambaye shi ko akwai wani batir a wani lungu da ba mu gani ba. Ya ce Malama, kaset ai ba ya cin batir, na rediyo ma da muka sani zare ne kawai a ciki. Ya ce sai dai ko datti ne, bari ya buɗe ya goge.

Buɗewar ma sai da ta zama aiki. Noti ɗaya ne ya riƙe kaset ɗin ta baya, ɗan mitsitsi, da wani irin kai mai tsaga-tsaga da duk sukundireban Luka ba wanda ya kama shi. Ya gwada wannan ya gwada wancan, ya yi tsaki, ya ce waɗanda suka ƙera abin nan ba sa son a ga cikinsu. Ni kuma ina zaune ina ta salati a zuci, rana na ta yi. Can sai ya ɗauki wani tsohon biro, ya zare bakin, ya kunna ashana ya narka gindin robar, ya danna ta a kan notin tun da zafinta, ya riƙe har ta huce. Da ya murɗa a hankali sai na ga notin ya juya. Ya zame murfin. A ciki wani ɗan koren faranti ne mai zane-zane, kuma a kusurwarsa ga wani abu zagayayye mai walƙiya kamar kwabo, an danne shi da 'yan ƙarafa biyu. Luka ya kai fuskarsa kusa, ya karanta rubutun kansa, sai ya ɗago yana kallona.

"Malama, ke ce da gaskiya. Batir ne. Tun muna yara yana cikin nan ba mu sani ba."

Ya ɗora masa wayoyin mita, allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya ce ya mutu murus, ƙila ya yi shekaru da mutuwa a cikin akwati. Muka zauna muka haɗa lissafin abin tare, shi da saninsa ni da nawa: batiran waje su ke ba da haske da ƙara, wannan na ciki kuma aikinsa ɗaya, ya riƙe abin da aka adana bayan an kashe. Shi ya sa abin yake wasa lafiya lau amma ba ya tuna komai. Jikokina, a tsakiyar kasuwa, a gaban 'yan caji, sai ga hawaye na bin fuskata, na ja mayafi na rufe. Wani dattijo da ke gefe ya ɗauka wayata ce ta lalace, ya ce in yi haƙuri Hajiya, za ta gyaru.

Luka ya tsallaka wajen masu agogo ya dawo da sabo mai faɗin tsohon. Ya ce ba zai kai masa wutar dalma ba, don irinsu in sun ji zafi fashewa suke yi. Da reza ya bi a hankali ya ɓamɓare ƙarafan nan biyu daga jikin mataccen, yana yi yana cije leɓe, don in ɗaya ya karye an shiga uku. Ya duba wace fuska ce take sama, ya zura sabon a tsakaninsu haka nan, ya naɗe da baƙin salatif tam. Ya ce wannan na wucin gadi ne, in an samu mai zuwa Kaduna zai sa a kawo mai ƙarafansa ya like shi yadda ya kamata. Ya mayar da murfi, ya kunna, ya fitar da ɗan mutumin zuwa bakin rijiya, ya adana, ya kashe. Muka ɗan jira. Ya kunna. Ga shi nan a bakin rijiya. Na ce ya sake. Ya sake, har sai da ya ce Malama ko jarrabawar fita ce ai na ci. Ya ba ni mataccen batirin a hannuna, ya ce in gaishe da abokinsa, ya ambaci sunansa, ya ce yana nan tafe.

Da na koma gida na nuna wa babanku ɗan kwabon nan na yi masa bayani. Ya juya shi a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Na ce ya kashe ya kunna yanzu ya gani da kansa. Ya ce a'a, ba yanzu ke ɓace masa ba, jiya ce, sai an kwana. Ban matsa masa ba. Ya zauna ya ja ɗan mutumin tun daga rijiya, ni kuma na sake zama a gefensa, har ya wuce gadar jiya ya sami kwalekwale a bakin wani kogi. Nan ya adana.

Alhaji Babba bai saɓa alkawari ba. Da sassafe na ji tsayuwar mota, da shi da wasu ƙarti biyu. Babanku na ɗaki bai fito ba, bai kuma kunna ba tukuna. Na yafa mayafi na je na tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, wurin da ban taɓa tsayawa a gaban wan mijina ba. Na gaishe shi a tsaye. Na buɗe hannu na nuna masa batirin, na faɗa masa abin da aka gano. Ya kalli abin ya kalle ni, ya ce yanzu Hajara da hankalinki da karatunki za ki ce wannan ɗan ƙarfen ne ya sa mutum yake la'asar sau biyu? Gaskiya in an faɗe shi haka ko ni sai na ji kamar shirme. Ba ni da wata hujja da zan ɗora a kai, don ni kaina ban san abin da gilashin zai nuna ba. Ya ce in kauce.

"Yaya, ban taɓa yi maka musu ba tun da aka kawo ni gidan nan. Amma ƙafar yaron nan ba za ta sake ganin ɗauri ba ina raye. In za a shiga, sai dai a bi ta kaina."

Sannan ya ce tunda na nuna masa ni na haifa, to ya cire hannunsa, duk abin da ya biyo baya kada a neme shi. Ya juya ya shiga mota. Kuma ya cika maganarsa. Har Allah ya karɓi ransa bai sake taka zauren nan ba, abincin sallar da nake aika masa dawowa yake yi a rufe yadda ya tafi. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, don mutum ne da ya tsaya mana lokacin da ba mu da kowa. In kun ji dangin wancan gidan suna ja baya da mu, to ga asalinsa, ba gado ba ne ba kuma gona ba.

Kada kuma ku ɗauka batir ya warkar da babanku. Firgitar barci da zaburar jin ƙarar babur sun daɗe tare da shi, kuma daga baya da ƙafarsa ya je ganin likita a Kaduna, Luka ya raka shi. Wanda aka yi wa abin da aka yi masa dole ya jima yana jinya, wannan ba hauka ba ne. Abin da batirin ya mayar masa abu ɗaya ne, kuma a safiyar nan ya mayar.

Da ƙarar motar ta ɓace na koma ciki. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, gem ɗin a cinyarsa, Bilkisu na tsaye da Nura a hannu. Ya ji duk abin da aka yi a zaure. Ya yi bismilla ya kunna. Ni dai ban iya kallon gilashin ba, fuskarsa na kalla. Can sai ya juyo mini da abin. Ga kogi, ga kwalekwale, ga ɗan mutum a tsaye yana jira. Bilkisu ta zame ta zauna a ƙasa tana alhamdulillahi. Shi kuwa ya ajiye gem ɗin a gefe, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza, muka ƙyale shi ya yi mai isarsa.

Da ya share ido ya zauna yana kallon tsakar gida kamar wanda ya dawo daga tafiya yau. Can ya juyo wajena ya tambaya ko ni na yi miyar jiya da daddare. Na ce ni ce, Bilkisu ba ta cikin natsuwar girki.

"Na tuna ta sarai, Inna. Kuka ce, kuma gishiri ya yi mata yawa."

Na ce masa ya yi yawa ɗin, ɗan nema, kuma ka cinye.